'Yan'uwan Delmore: wa da ƙane da suka canza waƙar karkarar Amurka

Tambaya: Malam, ina yawan jin ana ambaton 'yan'uwan Delmore idan ana maganar waƙoƙin country, wato waƙoƙin karkara na Amurka, har wasu na cewa su suka share fagen rock and roll. Su wane ne, kuma gaskiya ne?

Amsa: Akwai gaskiya a ciki, ɗan'uwa, amma bari mu faro daga tushe. Alton da Rabon Delmore uwa ɗaya uba ɗaya ne, 'yan garin Elkmont a jihar Alabama. An haifi Alton a 1908, Rabon kuma a 1916. Iyayensu talakawan manoma ne masu noma gonar wani, kuma a waƙoƙin coci yaran suka koyi haɗa murya. Sun yi faifansu na farko da kamfanin Columbia a 1931, sannan a 1933 suka shiga shirin Grand Ole Opry na gidan rediyon WSM a Nashville.

Abin da ya fi burge ni game da su shi ne taushin muryarsu. Mawaƙan karkara na da sun saba ɗaga murya don ta kai ƙarshen taro. Su kuwa sun gane cewa makirfo ya ɗauke musu wannan wahala, sai suka riƙa rerawa a hankali, muryar wa da ta ƙane suna manne da juna har da ƙyar ka raba su. Alton na kaɗa jita mai tsirkiya shida, Rabon mai huɗu, yatsunsu da sauri da tsafta. Saurari "Brown's Ferry Blues" za ka ji. Kuma daga farko akwai ɗanɗanon blues, salon waƙar baƙar fatar Kudancin Amurka, a waƙarsu, abin da bai kamata a manta ba.

Sun bar Opry a 1938, suka yi ta yawo daga wannan gidan rediyo zuwa wancan. A shekarun 1940 suka koma kamfanin King na Cincinnati, kuma a nan amsar tambayarka take. Suka ƙara wa kiɗan gudu da bugu, suka jawo Wayne Raney mai busa harmonika, suka fitar da "Freight Train Boogie" a 1946 da "Blues Stay Away from Me" a 1949. A ganina, a ce su kaɗai suka share fagen rock and roll ya wuce gona da iri, domin mawaƙa baƙar fata sun riga su a wannan salo. Amma suna cikin waɗanda suka shigar da shi waƙar Turawan karkara, kuma mawaƙan da suka zo bayansu, irin su 'yan'uwan Louvin da na Everly, sun bi sawunsu wajen haɗa murya.

Sankarar huhu ta kashe Rabon a 1952, yana da shekara 36. Alton ya rasu a 1964, kuma sai a 2001 aka sa su a Country Music Hall of Fame, zauren karrama gwarzayen waƙar karkara, wanda a gaskiya an makara.