Amsa: Yadda ake ƙiyasta tsayin dawakan katun da lissafi

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara 11 ya tsare ki da tambayar ko dawakan katun ɗin My Little Pony za su kai shi tsayi da za su fito fili, kuma da kika bincika sai kika tarar masu sha'awar shirin sun daɗe suna gardama a kai, kowa da adadinsa, har kike tambaya ko akwai ilimi a cikin lamarin ko ɓata lokaci ne kawai. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma na yi wannan awon da hannuna, da farko tare da 'yata a gida, daga baya tare da ɗalibaina. Akwai ilimi a ciki ƙwarai, amma duk wanda ya ba ki adadi guda ya ce shi ke nan, to bai gaya miki da me ya auna ba, alhali nan ne maganar take.

Shirin na kamfanin Hasbro ne na Amurka, an fara nuna shi a watan Oktoba na 2010 aka kammala a 2019. Tun da dawakan suna rayuwa ne a ƙasarsu, babu ɗan Adam a kusa da za a tsayar da su gefensa, sai masu kallo suka koma neman wani abu a cikin hoton wanda an san girmansa a duniyarmu. Hanyar ba ta da wuya. Za ki tsayar da hoton, ki auna abin da kika sani da rula, ki auna dokin, ki ga sau nawa ya ninka shi, sannan ki ninka wannan adadin da girman abin na gaskiya.

Abu na farko da kowa ke kamawa shi ne tuffa, domin ɗaya daga cikin manyan taurarin shirin, Applejack, gonar tuffa gare su, kuma da wuya a daɗe ba a ga tuffa ba. Tuffa madaidaiciya irin ta kasuwa faɗinta yakan kai santimita 7 zuwa 8. Ranar da muka fara, na manna farar leda a fuskar talabijin don kada mu ɓata gilashin, 'yata ta riƙe rula, ni kuma ina ɗiga alama da biro. Daga kofato zuwa ƙoƙon kai muka sami tuffa 10, wato kimanin santimita 75 in an ɗauki tuffa a matsayin 7.5. Ta yi murna, har sai da muka sake gwadawa a wani wurin, inda tuffar ta fi ta farko girma a ido, lissafin kuwa ya sauka ƙasa sosai. Dalili shi ne mai zane yana girmama tuffa idan yana son yaro ya gan ta da kyau, ya rage ta idan tana cikin kwando da yawa, domin labari yake bayarwa, ba ya da alkawarin awo da kowa.

Ma'auni na biyu ya fi ƙarfi a wurin masu wannan gardama, saboda daga bakin shirin ya fito. A wani kashi na bikin hunturu da aka nuna a ƙarshen 2011, babbar tauraruwar shirin, Twilight Sparkle, ta ce ta hango alawa mai siffar kwagiri wadda tsayinta ƙafa 8 ne. Ƙafa guda santimita 30.48 ce, saboda haka alawar ta kusa santimita 244. Da na bi wannan hanya sai babbar doki ta zo mini wajen rabin alawar, wato kusan santimita 120. A nan ma akwai tarko, kuma sai da ɗalibaina suka faɗa cikinsa kafin suka gane. Wadda ke jikin alawar 'yar ƙarama ce, harshenta ya manne da ita, don haka dole a fara auna ƙaramar da alawa, sannan a nemi wani hoton a auna babba da ƙaramar, kuma kowane mataki yana ƙara nasa kuskuren. Ban da wannan, wata ɗaliba ta yi tambayar da har yau nake jin daɗinta: ƙafar wa ake nufi a ƙasar da kowa kofato gare shi? Babu abin da ya tabbatar mana cewa ƙafarsu ita ce tamu.

Kuskuren da na fi gani, ko a wurin manya, shi ne gwada abubuwa biyu da ba nisansu ɗaya da mai kallo ba. Idan doki yana gaba, ƙofa tana can baya, ƙofar za ta ƙanƙance, dokin ya fito kamar raƙumi. Ki koya wa yaron ya duba ƙasa tukuna: in gindin abubuwan biyu bai sauka a layi ɗaya ba, ya bar hoton ya nemi wani.

Akwai kuma batun inda ake tsayar da awo, wanda shi ne ya haddasa rabin saɓanin. Masu dawaki ba sa auna doki zuwa kai, tunda kai yana hawa yana sauka. Suna aunawa ne daga ƙasa zuwa tudun da wuya ya haɗu da gadon baya. Turawan Ingila suna ƙirga wannan da tafin hannu, kowane tafi inci 4, kuma a ƙa'idar gasannin duniya dokin da bai wuce santimita 148 ba, babu takalmin ƙarfe, shi ne ake sawa a ajin kuru, wato ƙaramin doki. Kurun tsibiran Shetland na Sikotilan ba ya wuce santimita 107. Dawakan katun kuwa kansu ƙato ne, ya cinye kaso mai yawa na tsayinsu, saboda haka wadda ta kai 120 a ƙoƙon kai ba za ta wuce wajen 80 a kafaɗa ba. Mutum biyu za su iya kwana suna musu, ɗaya yana cewa 120 ɗaya yana cewa 80, alhali doki ɗaya suka auna kuma dukansu sun yi daidai.

Idan yaron ya zarce zuwa tambayar nauyi, kuma zai zarce, a nan ne darasin ya fi daɗi. Masanin kimiyyar Italiya, Galileo, ya bayyana tun 1638 cewa idan tsayin jiki ya ninka sau 2 ba tare da siffarsa ta canja ba, nauyinsa sau 8 yake ninkawa, domin tsawo da faɗi da kauri duk sun ƙaru tare. Tsakanin 75 da 120 ninki 1.6 ne kacal, amma in aka ninka 1.6 da kansa sau uku sai a sami kusan 4.1. Ke nan dokin alawa ya fi dokin tuffa nauyi sau huɗu, daga bambancin da ido ke gani kamar ba wani abu ba.

Shawarata ita ce kada ki ba shi amsa, ki ba shi rula. Ya auna hotuna biyar daban-daban, ya rubuta kowane sakamako da abin da ya yi ma'auni da shi, ya fitar da mafi ƙanƙanta da mafi girma. Bayan haka ki ɗauki alli ki yi alama biyu a jikin ƙofar ɗaki, ɗaya a santimita 75, ɗaya a 120, ki tsayar da shi a jiki ba takalmi. Idan ya kai 135 ko 140 kamar yawancin sa'o'insa, zai ga da idonsa cewa ko da awon alawa aka bi, dokin bai kai shi tsayi ba.