Maigidana ya ce ya iya ruwa, ko wannan ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Za mu je hutu wani tsibiri, ni da maigidana da yara biyu da mahaifiyata. Rana ɗaya za a zagaya da mu a mota, washegari kuma a ƙaramin jirgin ruwa zuwa tsibiran da ke kusa. Na jirgin ne ke hana ni barci. Autana shekararsa huɗu, Mama kuma ga ciwon baya. Maigidan ya ce in kwantar da hankalina, ya iya ruwa, mai shirya tafiyar ma ya ce akwai rigunan kariya a ƙarƙashin kujera. Wannan ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Bai isa ba, kuma rashin barcin nan naki yana da dalili.

Na mota ba sai na ja ba. Ku ɗauki direban da ya san hanya. A Zanzibar, Bali, Fuket da Morishas duk hannun hagu ake tuƙi, kada Alhaji ya ce zai yi hayar babur ya gwada.

A jirgin kuwa, Mama a baya za ta zauna, kusa da matuƙi. Goshin jirgi mai gudu shi ke tashi ya doki ruwa, duk dukan kuma a ƙashin baya yake sauka. Mai jiri ya sha magani kamar awa ɗaya kafin a tashi.

Yanzu ga maganar da na gaji da ji: "na iya ruwa." Ba ranar da za ta fito ta faɗi ban ji ta a bakin jirgi ba, yawanci daga magidanci yana ture rigar da hannu kamar an zage shi. Wanda ya iya ruwa a tafki shi ya zaɓi lokacin shiga, ya tuɓe, ya ja numfashi. Ranar da jirgi ya kife ba a shawara da kowa. Mutum zai faɗa da tufafinsa da takalmi, wataƙila kansa ya bugi gefen jirgi, ruwan gishiri ya shiga hanci, igiya ta biyu ta rufe shi kafin ya gama tarin farko. Ga ɗan shekara huɗu ya ƙanƙame masa wuya. Hannu nawa Alhaji yake da shi? Ku biyar ne fa. Ai iya ruwa fidda kai, shi ma in an samu.

Rigar da ke ƙarƙashin kujera kuwa, ita da babu duk ɗaya. Na sha gwada matafiya a busasshiyar ƙasa, ba iska ba tsoro, sai ka ga babban mutum ya juya ta baibai yana neman inda maɗauri yake. To ina ga jirgi ya karkata? A sa ta tun kafin a kunna inji, a ɗaure kowane maɗauri. Ki kama kafaɗun rigar yaron ki ɗaga sama. In ta kai kunnuwansa, ta yi masa yawa, zai zame ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Ta yara sai mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, daidai nauyinsa. Ki duba lambar jikinta ma: mai 50N taimako ce kawai ga wanda ke iya iyo kusa da gaɓa, mai 150N ita aka yi don ta juyo fuskar wanda ya suma sama. In soson ciki ya lanƙwame ko ɗinkin ya buɗe, ki mayar musu.

Kada kuma lafawar teku da safe ta ruɗe ku. Ranar 5 ga Yuli 2018 jirgin 'yan yawo mai suna Phoenix ya kife kusa da Fuket a Tailan yana dawowa da yamma, hadari ya taso, mutum 47 suka rasu, da yawansu sun maƙale a ɗakin ciki. Shi ya sa nake cewa ku zauna a fili inda za a iya fita. Kowane tsibiri da lokacinsa. A can, tsibiran Similan rufe su ake daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba saboda damina.

'Yan kamashon bakin teku su ne ke ba ni haushi. Kansu a kan yawan kawuna yake, duk abin da kika tambaya amsar ita ce "ba matsala." Su nuna miki takarda mai hatimi, wadda mai sa hannun bai taɓa taka jirgin ba. Ki bar takarda, ki je wurin matuƙi ki tambaye shi mutum nawa aka yarje masa ya ɗauka, sannan ki ƙirga da idonki. Ki ce a fito da rigar autanki ki gwada masa kafin ki biya. In suka fara kame-kame, ki ja hannun Mama ku koma masauki, Alhaji ya biyo ku daga baya.