Yana, Hakiya da Sauran Kalmomin Ciwon Ido

Tambaya: Malam, yanar ido da hakiya abu ɗaya ne?

Amsa: Ba abu ɗaya ba ne, kuma yana damuna yadda har masu karanta labarai suke cakuɗa su. Yana ita ce siririyar fatar da ke kwanciya a saman abu ta lulluɓe shi, daga nan ne muka sami yanar gizo-gizo. Yanar ido kuwa a ciki take, bayan baƙin ido, inda madubin da ke tattara haske yake dusashewa a hankali, galibi saboda tsufa ko ciwon sukari ko bugu, har mutum ya riƙa gani kamar cikin hazo. Hakiya tabo ce fari a kan fuskar ƙwayar ido, wadda rauni ko gyambo ko ƙyanda suka bari, kuma kowa yana iya hangenta daga waje. Wannan bambanci ya wuce na harshe kawai, domin yanar ido ana cire ta a asibiti a sa madubin roba a gurbinta gani ya dawo, amma hakiya ba ta jin wannan aiki. Wanda ya kai idonsa ga masu maganin gargajiya da ke tura yanar ido can ciki da tsinke, shi ne Bahaushe yake nufi da garin neman gira a rasa ido.

Tambaya: Mece ce hazbiya?

Amsa: Ƙaramin maruru ne a bakin fatar ido, kuma sunansa ɗaya da na tsuntsuwar nan dangin kurciya.

Tambaya: Kalmar “hawan jinin ido” daidai ce?

Amsa: Ta riga ta zauna a bakin jama'a, amma ban gamsu da ita ba. Cutar da likitoci ke kira gilakoma ba jini ne yake hawa a cikinta ba. Ruwan da ke zagayawa cikin ido ne yake kasa fita yadda ya kamata, sai matsinsa ya yi ta cin jijiyar gani. Illar wannan suna ita ce, mutum ya auna jininsa ya ga lafiya lau sai ya ɗauka idonsa ya tsira, alhali cutar takan fara cin gani daga gefe-gefe ba tare da zafi ba, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Da za a bi shawarata, da “matsin ruwan ido” aka ce. Duk wanda ya haura shekara 40, musamman in akwai mai cutar a danginsa, ya kamata a riƙa auna masa ido.

Tambaya: Dundumi makanta ce?

Amsa: A'a. Mai dundumi yana gani da rana, duhu ne yake gagararsa, kuma sau da yawa ƙarancin bitamin A ne sanadi.

Tambaya: Ina asalin sunan Afolo?

Amsa: Annobar jan ido mai ƙaiƙayi da kwantsa ta ɓulla a Gana a 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, sai mutane suka danganta ta da shi, sunan ya bi ta har ya shigo Hausa.