Jirginmu ya zo sauka ya sake tashi: me matuƙi ya gani a kan titi?

Tambaya

Assalamu alaikum Kyaftin. Ni mazauniyar Makka ce, wajen Shara Mansur. Bayan ƙaramar Sallah muna dawowa daga ziyarar gida, jirginmu ya sauko har ina hango fitilun gefen titi, sai kawai ya yi wata irin ƙara ya ɗaga kai ya koma sama. Jirgi ya kaure da salati. Can matuƙi ya ce akwai abu a kan titi, za mu zagayo. Wani dattijo a bayana ya ce raƙumi ne, wata kuma ta dage aljanu ne suka tare hanya. Don Allah me matuƙa kan tarar a kan titi in za su sauka, kuma anya ba ganganci aka yi da rayukanmu ba?

Daga wata Hajiya, Makka

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da dawowa, da fatan kin baro mutanen gida lafiya. Bari in fara cire miki abin da ya fi tsaya miki a rai: babu ganganci a abin da matuƙinku ya yi. Fasa sauka yana cikin abubuwan farko da ake koya wa ɗalibin tuƙi, kuma ko wanda ya yi furfura a aikin sai an sake gwada shi a kai duk lokacin da ya koma na'urar kwaikwayon tuƙi. A cikin kowace sauka 1,000 a duniya akan fasa ɗaya zuwa uku. Man da ke cikin jirgi ma an auna shi ne da wannan lissafin, domin doka ta ce a ɗauki wanda zai kai ku inda za ku, da wanda zai kai ku wani filin in na farko ya gagara, da ƙarin na minti 30 da ba a so a taɓa. Matuƙin da nake jin tsoro shi ne wanda ya ga alamar matsala ya ce bari dai in lallaɓa in sauka, kada a ce na kasa.

Ga yadda abin yake daga kujerar gaba. Babban jirgi yana zuwa bakin titi da gudun kusan kilomita 250 a awa, wato mita 70 a kowane sakan, tsawon filin ƙwallo ke nan kafin ki gama cewa bismillahi. In ya sauko saura mita 60 tsakaninsa da ƙasa, abin da ya rage bai kai sakan 20 ba. Mutum ɗaya na riƙe da jirgi, hannunsa ɗaya a kan sandunan ba da wuta, idonsa a waje. Ɗayan yana karanta gudu da tsawo, kunnensa na kan rediyo. Duk wanda ya ce a fasa, ko shi ne ƙarami, ko kuma jami'in hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka da tashi ne ya faɗa, ba a tsayawa tambayar dalili. A danna maɓalli, injina su ɗauki cikakkiyar wuta, a ɗaga hanci, a janye tayoyi. Ƙarar da kika ji ke nan, da nauyin da ya manna ki da kujera. Shirun da matuƙi ya yi muku kuwa aiki ne ya sha masa kai, sai ya daidaita jirgi ya gama da hasumiya sannan ya waiwayi fasinja. Amma wannan dama tana da iyaka. Da zarar tayoyi sun zauna an juya ƙarfin injina baya don rage gudu, ƙa'ida ta hana a sake tashi, duk abin da ke gaba sai dai birki.

Game da abin da ya tare muku hanya, zato mafi ƙarfi shi ne wani jirgin ne. A lokacin cunkoso, kamar Umarar azumi da jigilar alhazai, akan jera jirage kowane minti biyu ko ƙasa da haka. Na gaba ya yi nawa wajen kaucewa, ko ya wuce kwanar da aka zaci zai fita, sai hasumiya ta ce da na baya ya koma sama, don ba a yarda jirage biyu su haɗu a titi ɗaya ba. Raƙumi kuwa da wuya. A manyan hanyoyin mota na ƙasar nan yana kashe mutane da dare, wannan gaskiya ne, amma manyan filayen jirgi irin na Jidda da Madina da Riyad a kewaye suke da waya, ana sintiri dare da rana.

Sai dai kada a yi wa dattijon dariya, domin dabba a kan titin jirgi ba tatsuniya ba ce, kuma misali mafi kusa daga gida yake. A watan Yulin 2005 jirgin Air France ƙirar Airbus A330 ya taso daga Faris da mutum kusan 200, ya sauka Fatakwal cikin duhu, ya afka cikin garken shanu. Allah ya kiyaye babu mutumin da ya ji rauni, shanu ne suka mutu, jirgin kuma ya lalace. A Fabrairun 2018 wani jirgin Air Peace daga Legas ya yi ta shawagi a saman Akure har aka kore shanu daga titi. Duk lokacin da haka ta faru makiyayi ake fara zagi, ni kuwa katanga nake fara tambaya. Filin jirgi fili ne mai faɗi da ciyawar da babu mai taɓa ta, ga magudanun ruwa. Muddin akwai kafa a jikin waya, dabba za ta shiga, ko da makiyayi ko babu.

Kowace ƙasa da irin nata. A Nuwambar 2020 jirgin Alaska Airlines ya sauka a garin Yakutat na jihar Alaska ta Amurka ya buge beyar, ƙatuwar dabbar dawan nan ta ƙasashen sanyi, bayan ma'aikata sun duba titin ba su ga komai ba. Uwar ta mutu, ɗanta ya tsira. A babban filin jirgin Kennedy da ke New York, duk shekara wajen watan Yuni kunkurun ruwa kan fito su tsallaka titi su je yin ƙwai a cikin yashi. A 2011 wajen guda 150 suka fito a yini ɗaya, ma'aikata suka bi su da hannu suna tsincewa suna zubawa a bayan mota, jirage na jira a layi. A Florida kuma kada ne kan fito shan hantsi a kan kwalta.

A nan yankinmu tsuntsu ya fi damun mu. Gaɓar Bahar Maliya hanya ce ta tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai da Asiya da Afirka, sau biyu a shekara suke ratsawa garke-garke, kuma filin jirgin Jidda a kusa da teku yake. Tsuntsu ɗaya ba kasafai yake yin wata ɓarna ba, garke ne abin tsoro, don yana iya shiga injina biyu lokaci guda. Akwai kuma fara. A Janairun 2020, lokacin da fara ta addabi gabashin Afirka, wani jirgin Ethiopian Airlines daga Jibuti ya zo sauka Dire Dawa ya faɗa cikin gungunta. Ta yi ta fashewa a jikin gilashin gaba har ya dafe, abin goge gilashi ya kasa. Rahotanni sun ce sai da matuƙan suka koma sama, suka rage iskar cikin jirgi, suka buɗe tagar gefe suka goge da hannu. Da suka sake gwadawa haka ta kuma faruwa, suka haƙura suka wuce Addis Ababa.

Labarin da ya fi ba ni mamaki har yau na Kanada ne, ranar 23 ga Yulin 1983. Sabon Boeing 767 na Air Canada ya ƙare da mai tsaf a sararin sama, saboda kuskuren lissafi tsakanin ma'aunin nauyi na fam da na kilo wajen zuba man. Mataimakin matuƙin, Maurice Quintal, ya tuna da wani tsohon sansanin sojan sama a Gimli inda ya taɓa aiki, Kyaftin Robert Pearson ya lallaɓo jirgin can babu inji ko ɗaya. Ba su san an mayar da wannan titin filin tseren motoci ba, kuma ranar iyalai sun taru da tantunansu a can ƙarshensa. Da yake injina a mace suke, jirgin ya zo shiru, babu wanda ya ji shi. Matuƙan suna taɓa ƙasa suka hango yara a kan kekuna a gabansu suna ta faman taka feda. Tayar gaba ta lanƙwashe ta koma ciki, hancin jirgin ya dinga gogar kwalta, wannan ya taimaka ya tsaya kafin ya kai ga jama'a. Mutum 69 ne a ciki, babu wanda ya rasu, a ƙasa ma haka.

Akwai kuma abin da matuƙi ba zai taɓa gani ba komai kaifin idonsa: ƙusa, noti, guntun taya, murfin tankin mai. A ranar 25 ga Yulin 2000, wani sillen ƙarfe mai tsawon kusan santimita 43 ya faɗo daga jikin wani jirgi a titin filin jirgin Faris. Jirgin Concorde, wanda gudunsa ya fi na sauti, ya zo tashi ya taka shi, taya ta fashe, tankin mai ya ɓule, mutum 113 suka mutu. Saboda irin wannan ne za ki ga wata mota mai fitila tana wulƙawa a kan titi tsakanin jirgi da jirgi. Aƙalla sau biyu a yini ake wannan dubawa a manyan filaye, kuma in wani matuƙi ya ce ya ga abu, ko ya ji ya bugi tsuntsu, nan take a rufe titi a je a duba. Wannan ma yana cikin abin da kan sa a mayar da na baya sama.

Ruwa da yashi su ne namu na ƙasashen hamada. Tayoyin jirage suna barin baƙin danƙo a daidai inda suke dira, wata da watanni babu ruwan sama yana taruwa, ranar da aka yi ruwan farko wurin ya zama santsi. In ruwa ya kwanta ya wuce milimita 3, taya kan iya hawa kansa ta daina kama kwalta, birki ya zama ba shi da amfani. Kin san ruwan Jidda in ya tashi zuwa, ko a Nuwambar 2022 sai da ya jinkirta jirage. A Khartum, ranar 10 ga Yunin 2008, jirgin Sudan Airways ƙirar A310 wanda mummunan yanayi ya fara karkatar da shi zuwa Port Sudan ya dawo ya sauka da dare a jiƙaƙƙen titi, iska na tura shi ta baya. Ya zarce ƙarshen titin ya kama da wuta, mutum 30 cikin 214 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Maganar aljanu kuwa, halittar Allah ne, ba na musun samuwarsu. Amma a rahotannin binciken da muke karantawa a wannan aiki, abin da ake tararwa a kan titi yana da suna, kuma mafi haɗarinsa ɗan Adam ne ya kai shi wurin. A Yulin 2017 wani jirgin Air Canada ya zo sauka San Francisco da dare. An rufe ɗaya daga cikin tituna biyu da ke jere an kashe fitilunsa, sai matuƙan suka ɗauki hanyar da jirage ke bi su je bakin titi a matsayin titin sauka. Jirage huɗu ne a kanta cike da mutane da mai suna jiran tashi. Wani matuƙi a ƙasa ya yi magana a rediyo, na saman ma suka ji abin bai kwanta musu ba suka ba da wuta. Sun sauko har ƙasa da mita 20 kafin jirgin ya fara hawa. Fasa saukar nan da ta tayar miki da hankali, ita ce ta tsare ɗaruruwan rayuka a daren.

A filin jirgin Haneda na birnin Tokyo ba a samu wannan damar ba. Ranar 2 ga Janairun 2024, bayan faɗuwar rana, wani ƙaramin jirgin masu gadin teku da zai kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa ya shiga titi ya tsaya, alhali umarnin da aka ba shi ya tsaya a bakinsa ne. Jirgin Japan Airlines ƙirar A350 ya sauko, matuƙansa ba su gan shi cikin tarin fitilu ba, suka haɗu. Biyar daga cikin mutum shida na ƙaramin jirgin suka mutu. Babban ya kama da wuta ya ƙone ƙurmus, amma duka mutum 379 da ke ciki sun fita da rai, ta ƙofofi uku kacal cikin takwas.

A nan ne nake da roƙo gare ki, Hajiya, ki kuma isar wa 'yan'uwa. Cikin dalilan da suka sa mutanen Haneda suka tsira har da cewa sun bi maganar ma'aikatan jirgi, sun bar jakunkunansu. Mu kuwa kin san halinmu, taya na taɓa ƙasa an miƙe ana buɗe ma'ajiyar kaya ana sauko da tsaraba, jirgi na gudu. A wannan lokacin ne ake iya taka birki da ƙarfi in wani abu ya ɓullo, kuma wanda ke tsaye shi ne zai fara kifawa. Ki bar ɗamararki a ɗaure har jirgi ya tsaya cak an kashe alamar, takalminki na ƙafarki tun kafin a fara sauka, fasfo da iƙama, wato takardar izinin zama, a jikinki, ki kuma lura da ƙofar da ta fi kusa da ke tun kina zama, ko da a bayanki take. In kina tare da tsoho ko yaro, ke za ki duba tasu ɗamarar da hannunki.