Corolla mai gardamar tashi da asuba: a auna ta tun tana sanyi

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce Corollarka 'yar 2004 ce, kana Gusau, kuma tun da hunturu ya kama sai ka yi kik uku ko huɗu da asuba kafin ta amsa, in ta tashi ta yi ta rawa ta mutu, amma da rana bugu ɗaya ne. An canza fulogi, an wanke noza, abin yana nan.

Ɗarinmu bai kai ya hana lafiyayyen inji tashi ba. Ko a tsakiyar Janairu da ake kwana jin wuta, da wuya sanyin Gusau ko Ƙaura ya sauka ƙasa da digiri 10, motar nan kuwa an ƙera ta ne ta tashi a inda ruwa ke daskarewa. Akwai abin da ya raunana tun tuni, sanyi ya tona shi. Kuma ba za a gano shi da azahar ba, bayan ka tuƙa ta zuwa gareji ta yi zafi. Ko ka bar ta ta kwana wajen makaniki, ko ya zo gida da kayan awo kafin kowa ya murɗa makulli.

Fara da kunnenka. In kik ɗin yana juyawa da nauyi, fitilun dashbod suna dushewa, to batir ne ko kawunansa. Cikakken batir da ya kwana yana nuna bolt 12.6, in ka ga 12.2 rabi ya rage. Lokacin kik kada ya faɗi ƙasa da 9.6, in mota ta tashi kuma altaneta ta ba da tsakanin 13.8 da 14.5. Ka kwance kawunan, ka wanke farin garin nan da ya taru, ka ɗaure wayar da ke haɗa batir da jikin mota. Baƙin mai mai kauri irin 20W-50 ma yana ƙara wa kik nauyi da safe, wannan injin 5W-30 marar kauri aka rubuta masa.

In kuwa tana juyawa da ƙarfi amma ba ta kamawa, abin da na fi zargi shi ne sensar zafin ruwa. Fetur ba ya tashi ya gauraya da iska sosai a cikin inji mai sanyi, wani yakan manne a bangon hanyar iska. A motar kafireto cok ake ja don a rage iska, mai ya yi yawa. A wannan kuwa kwamfutar mota ce ke tsawaita feshin noza, kuma ba ta da hanyar sanin inji ya yi sanyi sai ta bakin wannan 'yar sensa mai waya biyu da ke ɗaure a kan inji, ta gefen giyabos. In ta yi ƙarya ta ce inji da zafi, mai zai yi kaɗan, mota ta kama ta mutu. In ta ce ƙanƙara ake, mai ya yi yawa, fulogi ya jiƙe, salansa ta yi baƙin hayaƙi da warin fetur.

Gwajin ba wuya. A jona na'urar binciken mota da asuba, a buɗe makulli kawai ba tare da kik ba, a duba zafin ruwa da zafin iskar da ke shiga inji. Motar da ta kwana a tsaye, su biyun su zo kusan ɗaya, bambancin bai wuce digiri 3 zuwa 5 ba. Iska 15, ruwa 60, an kama ɓarawo. In babu na'ura, a zare soket a auna sensar da mita: wajen om 2,500 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Ka kuma leƙa da idonka ko soket ɗin ma a jone yake. Masu wayarin da yawa kan zare shi lokacin bazara don fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, su cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, su jefar, wani har ya kashe ƙwan cek injin don kada ya dame ka. Da zarar an zare, kwamfutar Toyota tana ɗauka inji yana digiri 80 kullum. A watan Afrilu ba za ka ji komai ba, sai Disamba ta zo. In fankarka na tashi da ka buɗe makulli da safe, daga nan za ka fara.

Sai matsin mai. Famfon motarka yana cikin tanki, ƙarƙashin kujerar baya, kuma ya kamata ya ba da psi 44 zuwa 50. Bayan an kashe inji, matsin ya tsaya aƙalla a 21 har minti 5. In allurar ma'auni ta zube nan take, ko man yana komawa tanki ta famfo, ko wata noza tana ɗiga cikin inji. Fulogi zai raba gardama: wanda ya fito a jiƙe da safe, nozarsa ce ke yoyo, kuma ba lallai ne wanki ya gyara wannan ba. Za ka ji ana cewa ka buɗe makulli sau uku kafin ka yi kik don famfo ya tara mai. Dabarar tana aiki a Honda da Peugeot 406, amma wannan Corollar famfonta ba ya juyawa sai ana kik, don haka kada wani ya ce maka famfo ya mutu don bai ji kukansa ba. In kana shan man 'yan bumburutu, a zuba kaɗan a farar kwalba a ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa.

Rawar da ka ce tana yi bayan ta tashi tana nuna wasu wurare biyu. Da sanyi ya kamata silo, wato juyin inji ba tare da an taka totur ba, ya hau wajen juyi 1,200 zuwa 1,500 a minti, ya riƙa sauka har wajen 700 in ta ɗumama. Wani ƙaramin bawul da ke ƙarƙashin maƙogwaron totur ne ke wannan aiki, kuma baƙin datti na daskarar da shi. In sai ka ɗora ƙafa a totur take rayuwa, a kwance shi a wanke. Na biyun kuwa ciwon injin wannan Corollar ne da aka sani, wanda ake kira 1ZZ: gasket ɗin roba da ke tsakanin manifol na baƙar leda, wanda ke raba wa silinda iska, da kan inji. In ya tsufa yana ƙanƙancewa da sanyi, iska ta riƙa satar hanya, in inji ya yi zafi ya kumbura ya toshe kansa. Lambar da yake kawowa a na'urar bincike P0171 ce. Da inji na silo da sanyi, a fesa ɗan maganin wanke kafireto a bakin haɗin, in ƙarar inji ta canza to nan ne. A yi a fili, da abin kashe gobara a kusa.

Ƙurar hunturu ma tana rufe siririyar wayar sensar iska da ke bayan filta. Sukurori biyu ne ke riƙe da ita. A fesa mata maganin da aka yi domin ta, kada a taɓa wayar da tsumma ko a wanke da fetur, a bari ta bushe. Filtar in ta toshe a canza.

Kafin a gyara, kada ka riƙa famfa totur, babu man da yake watsawa kamar na kafireto. Kik ɗaya kada ya wuce daƙiƙa 10, ka huta rabin minti kafin ka sake. Zuba fetur ta bututun iska kuwa, da shi ake ƙona mota.

In duk waɗannan sun fita lafiya, a auna kamfureshan, wato matsin da ke cikin silinda. Kowane silinda kada ya gaza psi 145, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce 15. Wanda ya yi ƙasa a ɗiga masa cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa: in ya hau, ringi ne ya cinye, in bai motsa ba a nemi bawul ko gasket ɗin kan inji.