Maigidana Yana Son Ajiye Bindiga a Ɗaka, Ni Kuwa Tsoronta Nake Ji

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun da 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu suka kwashe mutane da shanu, maigidana ya ƙudurta sai ya mallaki bindiga. Ni kuwa ko ƙarar adakar mafarauta na ji sai gabana ya faɗi, ga kuma yara ƙanana a gidan. Yana cewa tsoro ne kawai irin na mata. Ko na yi laifi da na nuna ba na so?

Daga wata uwargida, jihar Zamfara.

Amsa: Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Ba ki yi laifi ba, kuma tsoronki yana da tushe, domin Annabi (SAW) ya hana mutum ya nuna wa ɗan'uwansa makami, saboda bai san abin da Shaiɗan zai fizgo daga hannunsa ba. Sai dai kada ki ɗauki maigidanki a matsayin mai ganganci. Magidancin da yake kwana da ido ɗaya yana sauraren ƙarar babura daga daji shi ma tsoro ne yake cinsa, na ranar da za a zo ɗaukar iyalinsa hannunsa babu komai.

Abin da ya kamata ya sani shi ne dokar makamai ta 1959 tana nan daram. Bindigar yaƙi irin AK-47 ba ta halatta sai da izinin shugaban ƙasa, ta farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, adakar ma kwamishinan 'yan sanda na jiha ne yake ba da izininta. Ko a watan Yunin 2022 da gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'ar Zamfara su nemi lasisi su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

A ganina, bindiga ɗaya a hannun wanda bai sami horo ba da wuya ta tare gungun mahara, amma haɗarinta yana cikin gida kullum. Yaro yana iya jawo ta daga ƙarƙashin gado yana wasa da kunamarta, mutum kuma yana iya farkawa a firgice ya ji motsi a zaure ya harba, sai gari ya waye a tarar ƙaninsa ne ya dawo daga hira.

Ki sami lokacin da hankalinsa yake kwance ki faɗa masa waɗannan cikin girmamawa. Ki ba shi shawara ya nemi mai unguwa da Askarawa, wato jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Janairun 2024, a tsara gadin unguwa tare. Idan kuwa ya dage har ya sami lasisi, to haƙƙinki ne ki nemi a kulle ta a akwatin ƙarfe ba tare da an ɗura mata harsashi ba, a ajiye harsashin a wani wuri dabam, makulli kuma ya zauna a jikinsa.