Ɗana yana kiran akuya "kyanwa", ko ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana watansa 20. Duk dabba mai ƙafa huɗu da ya gani sai ya ce "kyanwa", akuya ce ko kare. Haka duk namijin da ya shigo, "Baba" ne. Wata ta ce min alama ce ta ƙwaƙwalwar da ba ta ja, har ta turo min hoton wani sirop da ake talla a intanet, wai yana buɗe ƙwaƙwalwar yara. Kwana biyu ke nan ban runtsa ba. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, kuma kada ki saya.

Abin da ya hana ki barci, ni farin ciki ya sa ni. Ki lura, kujera ma ƙafa huɗu gare ta, amma ina kyautata zaton bai taɓa ce mata kyanwa ba. Ya tattaro masu gashi, masu tafiya da kansu, ya zuba su a kwando ɗaya, ya laƙa musu sunan da ya sani. Kwandon ne ya yi faɗi, kuma sannu a hankali zai raba shi gida-gida. Zancen "Baba" ma haka ne: ya san mahaifinsa sarai, kalmar "namiji babba" ce bai samu ba tukuna.

Wannan aiki ya fara shi tun kafin ya iya zama. A 1993, masu bincike Paul Quinn da Peter Eimas da wata abokiyar aikinsu a Amurka sun yi ta nuna wa jarirai 'yan wata 3 zuwa 4 hotunan kyanwowi iri-iri har suka gundure su. Da aka kawo sabuwar kyanwa tare da kare, sai suka fi zuba wa karen ido, alamar sun gane ba jinsinsu ɗaya ba. Wajen wata 18 kuma, kamar yadda Alison Gopnik da Andrew Meltzoff suka nuna a 1987, yaro kan fara ware kaya kashi biyu da hannunsa, kuma a daidai wannan lokacin ne sunayen abubuwa ke fara zubo masa a baki. Suna kansa yana taimakawa. Sandra Waxman ta gano cewa idan aka kira abubuwa mabambanta da suna ɗaya, ɗan shekara guda yakan fara neman abin da ya haɗa su.

Yanzu maganar sirop, wadda ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai wata uwa ta zo min da ita. Babu wani ruwa a kwalba da aka tabbatar yana koya wa yaro bambance akuya da kyanwa. Ta yaya ma? Ilimin yana cikin gani da taɓawa da jin suna daga bakin mutum. Masu sayarwar sun san uwa za ta ba da abin da ta mallaka idan aka tsorata ta da ɗanta, shi ya sa sai sun fara jefa miki tsoro kafin su nuna kwalba. Da yawa ba a rubuta abin da ke ciki ba, ba kuma wanda ya gwada shi a kan ƙananan yara. Idan yaron ya ƙara kalmomi bayan wata biyu, wanda dama zai ƙara, sai a ce sirop ne.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lokacin da ake ɓatawa. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa min da ɗanta ɗan shekara biyu da rabi, ta zazzage jaka, ga kwalabe uku duk sun kusa ƙarewa. Yaron ba ya magana. Na zagaya bayansa na tafa hannu da ƙarfi, ko waiwayowa bai yi ba, yana ta juya murfin kwalba. Matsalar ji ce. Wata da watanni ana ɗura masa ruwan banza, alhali gwajin kunne yake buƙata. Wa zai biya wannan yaro watannin nan? Mai tallar ya karɓi kuɗinsa ya wuce, wataƙila ma ya sauya sunan shafinsa. Ku ji tsoron Allah, ƙwaƙwalwar ɗan mutum ba wurin gwada sa'a ba ce.

Kada kuma ki maye gurbin sirop da waya. Binciken Judy DeLoache na 2010 ya nuna yara 'yan wata 12 zuwa 18 da aka yi ta kunna wa bidiyon koyon kalmomi ba su fi waɗanda ba su kalla ba, waɗanda iyayensu suka koya musu da baki su ne suka fi cin gaba.

Idan ya sake nuna akuya ya ce kyanwa, kada ki tsawata masa. Ki ce, "Akuya ce, ga ƙahonta, ji kukanta." Ki nuna masa kofi babba da ƙarami, ja da fari, duk ki kira su kofi. Ki zube masa cokula da takalma a ƙasa, ki zauna kusa, ki ga yadda zai raba su.

Amma ki kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba idan ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ba ya nuna miki abu da yatsa, ko ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko kalmomin da ya iya sun fara ɓacewa. Idan kin je, ki nemi a fara duba jinsa.